Farin Ciki da Wadar Zuci a Koyarwar Kirista

Koyarwar Kirista ta ɗora wa mai bi halaye biyu da suke tafiya tare, farin ciki da wadar zuci, ta kuma hana shi hali na uku, wato gunaguni. Farin cikin da ake nufi a nan shi ne natsuwar rai da murnar da mutum yake samu saboda sanin cewa Allah ya karɓe shi ta wurin Yesu Almasihu, yana kuma tare da shi. Wasiƙar Galatiyawa, sura ta 5, ta lissafa shi na biyu, bayan ƙauna, cikin halaye tara da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa a rayuwar mai bi. Wadar zuci kuwa ita ce gamsuwa da rabon da yake hannun mutum yau, mai yawa ko kaɗan, ba tare da ransa ya ɓaci a kan na wani ba. Gunaguni kishiyar duka biyun ne. Magana ce ta ƙasa-ƙasa, mai ɗaci, wadda aka fi yi a bayan ido, ana zargin Allah ko shugabanni ko maƙwabta da tauye wa mutum abin da ya cancanta.

Mutane da yawa suna ɗaukar gunaguni ƙaramin aibi, irin wanda ake yafe wa tsoho ko mai jin yunwa. Littafi Mai Tsarki bai sassauta masa haka ba. A sura ta 10 ta Wasiƙar Korantiyawa ta Fari, Manzo Bulus ya jera shi a sahu ɗaya da bautar gumaka da fasikanci da gwada Ubangiji. Dalilin wannan tsanani yana cikin tarihin da Bulus ya ɗauko misalinsa, wato tafiyar Isra'ilawa a jeji.

Gunaguni a jeji

Littafin Fitowa ya nuna cewa gunagunin ya soma ne tun ƙurar nasara ba ta kwanta ba. Isra'ilawa sun haye teku, sun ga halakar rundunar Fir'auna, sun raira waƙar yabo. Kwana uku bayan haka, a jejin Shur, ruwa ya yanke. Da suka iso Mara suka tarar da ruwan wurin da ɗaci, sai suka yi wa Musa gunaguni. A ranar 15 ga wata na biyu bayan fitarsu daga Masar, a jejin Sin, abinci ne ya ƙare, suka shiga tuna tukwanen naman Masar. A Refidim ƙishirwa ta sake dawowa, abin ya yi zafi har Musa ya ce saura kaɗan su jajjefe shi.

Dole a yi wa mutanen nan adalci. Ƙishirwa a hamada ba abin wasa ba ce, balle ga mai tafe da ƙananan yara da dabbobi. Abin lura shi ne a dukan waɗannan wurare uku Allah bai hukunta su ba. Ya daɗaɗa ruwan Mara, ya saukar da manna da makware, ya ɓuɓɓugo da ruwa daga dutse. Sai bayan sun yi kusan shekara a gindin Dutsen Sina'i, sun karɓi Doka, sun ƙulla alkawari da Allah, sannan salon labarin ya sauya. A Littafin Ƙidaya kusan kowane gunaguni hukunci ne yake biyo bayansa: wuta a Tabera, annoba a Kibrot-hatta'awa, ƙasa ta haɗiye Datan da Abiram a tawayen Kora, macizai masu dafi a sura ta 21. Mafi girma shi ne na sura ta 14, inda aka yanke cewa duk wanda ya kai shekara 20 zuwa sama cikin masu gunagunin ba zai shiga ƙasar alkawari ba, in ban da Joshuwa da Kalibu, aka kuma ɗora wa jama'ar shekara 40 a jeji.

Abin da ya sauya shi ne irin ƙorafin. A sura ta 11 ta Littafin Ƙidaya ba yunwa ce ta dame su ba, domin manna yana sauka kowace safiya. Gundura suka yi da shi. Suka fara lissafa kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa, har suna cewa kyauta suke ci. Babu wanda ya ambaci tubalin da aka tilasta musu bugawa ba tare da an ba su ciyawa ba, ko jariransu maza da aka umarta a jefa a Kogin Nilu. Wannan ita ce ɓarna ta farko da gunaguni yake yi: yana gyara tarihi, ya wanke jiya, ya baƙanta yau. Daga nan sai ya koma mummunan zato ga Allah kansa. Maimaitawar Shari'a, sura ta 1, ta ruwaito cewa a cikin alfarwansu sun kai ga cewa ƙiyayya ce ta sa Ubangiji ya fito da su daga Masar. Aikin ceto mafi girma a tarihinsu sun fassara shi da ƙiyayya. Ga kuma saurin yaɗuwa. Kwaɗayin naman ya taso ne daga tattarmukan baƙin da suka biyo su, kafin a jima kowane gida yana kuka a bakin ƙofar alfarwarsa. Mutum goma cikin 'yan leƙen asiri goma sha biyu suka karya zuciyar al'umma guda a dare ɗaya.

Ƙa'idar manna ita kanta makaranta ce. Kowa ya tara abin da zai ishe shi na yini ɗaya, a rana ta shida ya tara na kwana biyu saboda Asabar. Wanda ya ɓoye saura don gobe ya wayi gari ya tarar da tsutsa da wari. Ana koya wa jama'ar su kwanta barci ba komai a rumbu, suna dogara cewa wanda ya bayar yau zai bayar gobe. Wannan darasi ne ya sake fitowa a addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, inda abincin yini kaɗai ake roƙo.

Bambancin kuka da gunaguni

A nan ne masu wa'azi da dama suke yin tuntuɓe. Sukan koyar kamar dai mai bi na ƙwarai ba ya faɗin ciwonsa, ba ya tambayar Allah dalili. Sura ta 11 ɗin nan ta Littafin Ƙidaya ta isa ta rushe wannan ra'ayi. A cikinta, bayan jama'a sun gama nasu kukan, Musa ya buɗe baki ya yi magana mai zafi fiye da tasu. Ya tambayi Allah dalilin da ya sa ya jibga masa nauyin mutanen nan, ya tambaya ko shi ya yi cikinsu ya haife su, ya ce in haka za a ci gaba gara a kashe shi ya huta. Jama'a annoba suka samu. Musa kuwa dattawa saba'in aka ba shi su taya shi ɗaukar kaya. Zafin maganar bai raba su ba. Abin da ya raba su shi ne wurin da kowa ya kai maganarsa: jama'a sun yi maganar Allah a tsakaninsu, Musa ya yi magana da Allah.

Irin wannan kuka ya cika Tsohon Alkawari. Masana suna lissafa kusan kashi ɗaya bisa uku na Zabura 150 a matsayin zaburoyin kuka. Mafi yawansu sukan juya zuwa ga yabo kafin su ƙare, amma Zabura ta 88 ba ta juya ba, cikin duhu ta fara, cikin duhu ta ƙare, aka kuma bar ta a littafin waƙoƙin sujada. Littafin Makoki gaba ɗaya kukan rushewar Urushalima ne a hannun Babiloniyawa, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Ayuba ya la'anci ranar da aka haife shi, ya nemi a tsaya shari'a tsakaninsa da Allah, amma a sura ta ƙarshe abokansa uku, waɗanda suka yi ta kare Allah da tsararrun maganganu, su aka tsawata wa. Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru, ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, a kan gicciye kuma kalmomin farko na Zabura ta 22 ya ɗauka.

Annabi Habakuk ya nuna inda kukan gaskiya yake kai mutum. Ya fara littafinsa da tuhuma a kan zalunci da shirun Allah. A sura ta 3 ya zana hoton shekarar da manomi ya fi tsoro: ɓaure bai yi toho ba, inabi da zaitun sun ƙi, gonaki ba amfani, garke ya ƙare. A cikin wannan hali ya ce zai yi murna da Allahn cetonsa. Babu abin da ya gyaru a gonar tsakanin sura ta 1 da ta 3.

Wasiƙa daga kurkuku

Babu littafi a Sabon Alkawari da ya tara batun farin ciki da wadar zuci wuri ɗaya kamar Wasiƙar Filibiyawa. Gajeriya ce, sura huɗu, amma maganar murna ta fito a cikinta fiye da sau goma.

Filibi birni ne a Makidoniya, arewacin ƙasar Girka ta yanzu. Sarki Filibus na Biyu, mahaifin Iskandar Mai Girma, ya sa masa sunansa a shekara ta 356 kafin haihuwar Almasihu. A shekara ta 42 kafin haihuwar Almasihu aka gwabza babban yaƙin basasar Romawa a filayensa, daga baya aka zaunar da tsofaffin sojoji a can, birnin ya zama mallakar Roma mai alfahari da dokokinta. Bulus ya iso wajen shekara ta 49 ko 50 bayan haihuwar Almasihu. Ayyukan Manzanni, sura ta 16, ta ba da labarin yadda ikilisiyar ta kafu: Lidiya, mai sayar da tufafin shunayya, mutuniyar Tayatira, ta ba da gaskiya a bakin kogi, Bulus ya fitar da aljani daga wata baiwa mai duba, iyayengijinta, ganin hanyar kuɗinsu ta toshe, suka kai ƙara, aka tuɓe Bulus da Sila, aka yi musu dūka da sanduna, aka sa ƙafafunsu a turu a can cikin kurkuku. Da tsakar dare sauran 'yan sarƙa suka ji su suna addu'a suna raira yabo. Saboda haka lokacin da Bulus ya rubuta wa mutanen Filibi cewa su yi murna kullum, akwai waɗanda a cikinsu suka san ba da fatar baki yake faɗa ba. Mai yiwuwa mai tsaron kurkukun da ya wanke musu raunuka a daren yana zaune cikin masu sauraron karatun wasiƙar.

Wasiƙar ma a ɗaure ya rubuta ta. Ra'ayin da ya daɗe shi ne daga Roma, tsakanin shekara ta 60 da 62, ko da yake waɗansu masana sun fi karkata ga Afisa ko Kaisariya. A tsarin Romawa ɗaurarre ya fi dogara ne da 'yan'uwa da abokai wajen ci da sutura. Ikilisiyar Filibi ta tara gudummawa ta aika da Abafaroditas, wanda ya yi ciwo har ya kusa mutuwa a kan wannan hidima. Su kansu ba masu hali ba ne. A Wasiƙar Korantiyawa ta Biyu, sura ta 8, Bulus ya shaida cewa ikilisiyoyin Makidoniya suna cikin matsanancin talauci, duk da haka suka bayar fiye da ƙarfinsu.

Abubuwan da za su sa mutum gunaguni sun kewaye marubucin. Shari'arsa tana iya ƙarewa da hukuncin kisa. Waɗansu masu wa'azi suna shelar Almasihu don kishi, da nufin ƙara masa baƙin ciki. Mata biyu da suka yi fama tare da shi a aikin bishara, Afodiya da Sintiki, ba sa ga maciji da juna. Bai ɓoye ko ɗaya ba. Amma dubi yadda ya auna su: ɗaurinsa ya sa labarin Almasihu ya kai ga sojojin fada, masu kishin nan ko da wace niyya dai Almasihu suke shela, mutuwa kuma in ta zo riba ce. A sura ta 2 ya umarci masu bi su yi kome ba tare da gunaguni ko gardama ba, ya kuma yi amfani da kalmomin da Musa ya siffanta tsarar jeji da su, amma ya juya su: masu bi su zama 'ya'ya marasa aibi a tsakiyar karkatacciyar tsara. Wannan umarni ya zo ne daf da bayanin yadda Almasihu ya ƙasƙantar da kansa, ya ɗauki siffar bawa, ya yi biyayya har mutuwar gicciye. Ba a banza aka jera su haka ba. Mai gunaguni yana tsaye ne a kan abin da yake ganin ya cancanta, Almasihu kuwa ya saki abin da yake nasa na haƙiƙa.

A sura ta 4 ne maganar wadar zuci ta fito fili. Bulus yana godiya saboda kyautar, sai ya ƙara da cewa ba don rashi yake magana ba, domin ya koyi gamsuwa a kowane hali. Ya san zaman ƙunci, ya san zaman yalwa, ya san ƙoshi, ya san yunwa. Abu biyu ne suke da nauyi a nan. Na farko, koyo ya yi. Ba a haife shi da halin ba, bai kuma sauko masa a ranar tubarsa ba. Makarantar da ya yi tana rubuce a Korantiyawa ta Biyu, sura ta 11: bulala arba'in ɗaya babu har sau biyar, dūkan sanda sau uku, jifa da duwatsu sau ɗaya, jirgi ya fashe da shi sau uku, ga rashin barci da yunwa da sanyi. A sura ta 12 ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa wata ƙaya a jiki, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. Na biyu, ya sa yalwa cikin abubuwan da sai an koyi zama da su. Wannan gaskiya ce da ba a cika faɗa ba. Gunaguni bai fi yawa a gidan matalauci ba. Isra'ilawan da aka hukunta a Kibrot-hatta'awa cikinsu a cike yake.

Aya ta 13 ta Filibiyawa sura ta 4, wadda take magana a kan iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa mutum, tana cikin ayoyin da aka fi ɗauka a kai inda ba nan aka nufa ba. Ana rubuta ta a jikin mota da rigar ɗan ƙwallo da littafin mai shirin jarrabawa, kamar alkawarin cin nasara. Wanda ya rubuta ta yana cikin sarƙa, kuma abin da yake cewa yana iyawa shi ne jimre yunwa da ƙoshi ba tare da zuciyarsa ta kauce ba.

Ba Kiristoci kaɗai suka yabi gamsuwa a zamanin ba. Sitokiyawa, mabiya falsafar da Zeno ya kafa a Atina wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Almasihu, sun koyar cewa mai hikima ya ishi kansa, ya horar da ransa har abin da ba ya hannunsa ya daina taɓa shi. Fitaccen malaminsu a zamanin Bulus shi ne Seneka, malamin Sarki Nero, ɗan'uwan Galiyo ɗin nan da aka gurfanar da Bulus a gabansa a Koranti. A waje halayen biyu suna kama, amma tushensu daban. Basitoke yana samun natsuwa ta rage abin da ya damu da shi, ƙarfinsa kuma daga cikinsa yake. Bulus bai rage damuwa da kowa ba. A wasiƙar nan ya yi maganar hawayensa, ya ce da Abafaroditas ya mutu da baƙin ciki ya hau masa kan baƙin ciki. Ƙarfinsa aro ne daga wani, ya kuma faɗi sunan mai shi. Maganin damuwa da ya bayar shi ne a kai kowace bukata gaban Allah da addu'a da roƙo tare da godiya.

Kuɗi da duban na wani

Wasiƙar Timoti ta Fari, sura ta 6, ta kawo batun kan dukiya kai tsaye. Ta ce ibada tare da wadar zuci babbar riba ce, ta kafa hujja da cewa mutum bai shigo duniya da kome ba, ba zai fita da kome ba, ta kuma sa ma'aunin isa a kan abinci da sutura. Ba kuɗin ta zarga ba, son kuɗin ta kira tushen kowace irin mugunta. Bahaushe ma ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Abin da aka fi mantawa shi ne waɗanda surar take faɗa da su: malamai ne da suka mai da ibada hanyar samun abin duniya. Wa'azin da yake auna bangaskiyar mutum da motarsa ko gininsa yana ƙera masu gunaguni ne da hannunsa, domin duk wanda aka yi wa alkawarin arziki bai gani ba, dole ya zargi kansa ko ya zargi Allah. Ibraniyawa, sura ta 13, ta ɗora gamsuwa a kan wani alkawari dabam, cewa Allah ba zai bar mai bi ba, ba zai yashe shi ba.

Yesu ya nuna wani tushen gunaguni, wato kwatanta kai da wani. A misalin ma'aikatan gonar inabi, Matiyu sura ta 20, waɗanda aka ɗauka da sassafe sun yarda da dinari ɗaya, dinari ɗaya kuma aka ba su. Ladan bai ragu ba. Ransu ya ɓaci ne da suka ga na yamma sun sami daidai da su. Haka babban wa a Luka sura ta 15, wanda ya ƙi shiga gida saboda an yanka wa ƙanensa ɗan maraƙi, alhali duk abin da uban yake da shi nasa ne. A misalan biyu alherin da aka yi wa wani ne ya zama abin tuntuɓe.

Malaman ikilisiya na baya sun ci gaba da bin wannan zare. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya koyar cewa an halicci zuciyar mutum domin Allah, don haka duk abin da ta kama ƙasa da shi ba zai kwantar da ita ba. A Ingila, wa'azozin Jeremiah Burroughs a kan wadar zuci sun fito a littafi a 1648, shekara biyu bayan rasuwarsa, ƙasar tana cikin yaƙin basasa. Ɗaya daga cikin hujjojinsa ita ce ana samun gamsuwa ta sauko da buri ya daidaita da hali, ba ta ƙara kaya don su cim ma buri ba. A Jamus, Martin Rinkart ya yi aikin fasto a Eilenburg cikin Yaƙin Shekara Talatin, 1618 zuwa 1648. A annobar 1637 ya binne dubban mutane, har da matarsa. Shi ne marubucin waƙar godiyar da har yau ikilisiyoyi suke rairawa cikin harsuna masu yawa.

Inda wadar zuci ba ta kai ba

An sha yin amfani da wannan koyarwa a rufe bakin wanda aka zalunta, kuma nassi bai goyi bayan haka ba. Bulus ɗin da ya raira waƙa a kurkukun Filibi, da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake shi a ɓoye, ya ƙi fita. Ya ce an dūke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba alhali su 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan sun zo da kansu. Suka zo suka ba da haƙuri. Daga baya, a gaban gwamna Festus, ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. 'Ya'yan Zelofehad mata biyar, a Littafin Ƙidaya sura ta 27, sun tsaya gaban Musa da dukan taro suka nemi gādon mahaifinsu, Allah ya ce suna da gaskiya, aka kafa doka a kan haka. Nehemiya, da ya ji kukan talakawan da suka jinginar da gonakinsu da 'ya'yansu saboda bashi, manyan gari ya tsawata wa. A Ayyukan Manzanni sura ta 6 gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima kanta, domin ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a rabon abinci. Manzanni ba su yi wa matan wa'azin haƙuri ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Ƙorafin da aka kai wa mai iya gyarawa, a fili, da gaskiya, wani abu ne dabam da gunaguni.

Wannan rarrabewa tana da nauyi ga ikilisiyoyin da suke sujada da Hausa. A ƙasar Hausa godiya tana cikin gaisuwa. A tambayi mutum aiki ya ce da godiya, a tambaye shi gida ya ce lafiya lau, ko da kuwa bai san abin da za a ɗora a murhu ba. Al'ada ce mai kyau, tana kare mutunci, tana kuma tuna wa harshe Mai bayarwa. Amma tana iya zama mayafi, mutum ya ce mun gode Allah a ƙofar majami'a, ya koma gida ya kwana yana cizon yatsa. Gaisuwa ba ta isa shaidar wadar zuci ba, haka kuma hawaye ba shaidar rashinta ba ne.

Masu bi na arewa maso gabas sun san wannan a aikace. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya faro a Garkida a 1923, ita ce akasarin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014 suka fito daga cikinta. A watan Oktoba na shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi zaman wucin gadi a Jos. Ikilisiyar ta koma, ta ci gaba da sujada, ta yi bikin cika shekara 100 a 2023. Wanda zai tsaya gaban irin wannan jama'a ya yi maganar murna, dole ya bar wa Zabura ta 88 wurinta, ya kuma bar iyaye su ci gaba da neman 'ya'yansu a hannun hukuma. Haka yake ga tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023: mai bi yana iya gode wa Allah a kan tuwon dare, ya kuma tambayi masu mulki lissafi da safe, ba tare da ɗaya ya soke ɗaya ba.

Akwai kuma alhakin da yake kan ikilisiya a matsayinta na jama'a. Bulus ya ce ya koyi gamsuwa, amma nan take ya ce Filibiyawa sun kyauta da suka yi tarayya da shi a wahalarsa. Gamsuwar ɗaurarre ba ta sauke wa na waje nauyin kai masa abinci ba. Yakubu, a sura ta 2 ta wasiƙarsa, ya yi tir da wanda zai sallami ɗan'uwa mai yunwa da fatan alheri kawai. Ikilisiyar da take koya wa gwauruwa wadar zuci, ba ta kuma san ko ta ci abinci ba, ta karanta rabin sura ne. Ita ma sura ta 6 ta Timoti ta Fari, wadda ta yi maganar gamsuwa da abinci da sutura, umarninta na ƙarshe a kan dukiya ga masu arziki ta nufa: kada su yi girmankai, kada su dogara ga abin da ba shi da tabbas, su zama masu sakin hannu da son rabawa.